Mai Komawa Yoga Bayan Shekara Arba'in Ya Bi A Hankali

Daga Wakilinmu Na Arewa

Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi. To, mutumin da ya saba motsa jiki irin na yoga sa'ad da ya ke saurayi, sa'an nan neman abinci ya raba shi da shi shekara ashirin, yaya zai yi in ya so komawa, ga gwiwa ta sage, ga ƙugu yana ƙara?

Tambayar ta shafi 'yan'uwanmu da yawa mazauna Kudu. Direban babbar mota da ke kwana a layin Apapa, da mai tireda a Sabo ta Badun, da maigadin da ke raba dare bisa benci, duk zama ne sana'arsu. Wani ma har durƙuso wajen salla ya zame masa aiki.

Yoga dai daga ƙasar Indiya ya fito, kuma asalinsa yana haɗe da addinan can. Amma abin da likitoci su ke magana a kai shi ne sashen miƙe jiki da daidaita numfashi kawai. Cikin 2014 Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ranar 21 ga Yuni ta zama ranar yoga, cikin 2019 kuwa ƙungiyar likitocin amosanin gaɓɓai ta Amurka ta sa shi cikin abubuwan da mai ciwon gwiwa zai iya gwadawa.

Ga dalili. Guringuntsin da ke lulluɓe bakin ƙashi ba shi da jijiyar jini. Abincinsa yana cikin wani ruwa mai yauƙi da ke cikin gaɓa, kuma motsi ne ke matsa ruwan nan ya shiga ya fita. Watau wanda ya daina motsi don tsoron ciwo, yunwa ya ke sa wa gaɓarsa. Sai dai kuma jijiyoyi su kan rage taushi da shekaru, in an ja su da ƙarfi sai su yage.

Nan ne mai komawa ya fi sabon shiga shiga hatsari. Kansa bai manta yadda ya ke harɗe ƙafafu bisa cinya ba, jiki kuwa ya riga ya canza. Saboda haka ya ɗauki kansa ɗan koyo. Ya fara tafiyar minti biyar ko goma jiki ya yi ɗumi. Sa'an nan ya miƙe gaɓa a hankali, ya tsaya kamar daƙiƙa 20 zuwa 30 yana numfashi, ba fizga. Minti 15 kullum ya fi awa biyu ranar Lahadi kaɗai.

Kada kuma ya ji kunyar dafa bango ko kujera. B.K.S. Iyengar, shahararren malamin yoga na birnin Pune, wanda ya yi fama da zazzaɓin cizon sauro da taifot da tarin fuka yana yaro, shi ya yaɗa amfani da kujera da bargo da ɗamara da guntun katako, don tsofaffi da marasa lafiya su iya. An haife shi cikin 1918, ya mutu cikin 2014 yana da shekara 95. A gidan haya ma matashin kai da tawul sun isa.

Akwai ciwon da ba a jurewa. Jan tsoka kaɗan ba kome ba ne, amma suka cikin gaɓa, ko kumburi, ko ƙafa ta mutu, alama ce a tsaya. In sagewar safe ta kan wuce awa guda, ko gaɓa ta yi zafi ta kumbura, asibiti za a nufa tukuna. Mai hawan jini da mai ciwon ido na gilakoma su guji tsayuwa bisa ka.

Jama'a, ba gasa a ke yi ba. Bukata ita ce mutum ya durƙusa ya tashi ba tare da an kama shi ba, ya ci gaba da neman abin da zai aika gida. Sannu ba ta hana zuwa.