Tarakta a bazarar Azare: Abin da ke kashe inji tun kafin saukar damina

Daga tsakiyar watan Maris zuwa ƙarshen Mayu, mutumin ƙasar Katagum ba ya buƙatar sanarwar Hukumar NiMet kafin ya san halin da ake ciki. Zafi kan haura digiri 40 da rana tsaka, iska ta bushe, yashi ya ɗauki wuta har takalmi ba ya hana ƙafa ji. A daidai wannan lokaci ne kuma ake ɗora wa tarakta aikin da ya fi kowane wahalar da inji: yanke karan dawa da na gero da suka rage tun kaka, share busasshiyar ciyawa da injin yanka da ake ratayawa a bayanta, da juya injin casa a fadamun kogin Jama'are, inda ake girbe alkama da shinkafar rani. Duk mai gona yana gaggawa, domin daminar arewacin Bauchi gajera ce. Ruwa kan zauna a watan Yuni, ya fara janyewa a ƙarshen Satumba, kuma wanda bai gyara gonarsa a makonnin farko ba, sai dai ya bi shekarar da kallo.

Maganar ta shafi masu karatu a Abuja fiye da yadda suke zato. Ma'aikata da yawa 'yan asalin Azare da Jama'are da Itas da Gamawa suna noma daga nesa, da waya da aiken kuɗi. Wasu sun haɗa adashe ko bashin ƙungiyar ofis sun sayi tsohuwar Massey Ferguson suna bayar da haya, da niyyar ta zama abin dogaro bayan ritaya. Hadiman 'yan majalisa kuwa su ne ke bin takardun taraktocin da ake rabawa a mazaɓu. Kiran da dukkansu ke tsoro guda ne: direba ya bugo ya ce inji ya tafasa, ya ƙi tashi.

Injin dizal ba ya mayar da duk man da ya ƙona zuwa ƙarfin jan kaya. A ƙiyasin da injiniyoyi suka saba yi, kusan kashi ɗaya bisa uku ne ke zama aiki, kashi ɗaya ya bi salansa da hayaƙi, ragowar kuma zafi ne da dole ruwa ya kwashe daga jikin inji ya kai lagireto, inda iskar da fanka ke jawowa za ta tafi da shi. Ƙarfin lagireto ya dogara ne ga tazarar da ke tsakanin zafin ruwan da zafin iskar waje. Idan ruwan yana digiri 90, iskar safiyar hunturu kuma tana digiri 20, tazarar 70 ce. A ranar Afrilu mai digiri 42, ta ragu zuwa 48. Wato lagireto ɗin da babu abin da ya same shi ya riga ya rasa kusan kashi ɗaya bisa uku na ƙarfinsa saboda yanayi kawai. Duk wata ƙaramar matsala da ta ɓuya a lokacin sanyi, bazara ce ke tona ta.

Aikin yankan ciyawa yana ƙara wa wannan nauyi ta fuska biyu. Tarakta tana tafiya a hankali, don haka babu iskar gudu da za ta taimaka, fanka kaɗai ke aiki. Sannan wuƙaƙen yanka suna tayar da ƙaiƙayi da ƙura da guntayen kara, fankar kuma tana zuƙo su kai tsaye zuwa fuskar lagireto. Ramukan da ke tsakanin siraran ƙarafansa ƙanana ne ƙwarai. Cikin 'yan awoyi sai su toshe kamar an shimfiɗa tabarma. Idan akwai ɗigon baƙin mai a wurin, ƙurar ta manne ta zama laka. Abin takaici shi ne daga waje ba a cika gani ba, domin raga ta rufe gaban, a wasu taraktocin kuma akwai na'urar sanyaya mai a gaban lagireto, dattin ya taru a tsakaninsu inda ido ba ya kai wa.

Maganin ba ya cin ko kwabo, sai dai yana bukatar horo. A kashe inji, a buɗe raga, a kakkaɓe ta. A busa lagireto da iska daga ɓangaren inji zuwa waje, wato akasin hanyar da dattin ya shigo. Mai facin taya yana da injin iskar da ya isa wannan aiki. Wanda ya busa daga gaba ya ƙara cusa dattin ne ciki. Tsinke ko waya ba su da wurin zama a nan, domin ƙarafan suna lanƙwashewa da ɗan taɓi, kuma kowane wanda ya lanƙwashe ƙofar iska ce da aka rufe. A ranar yanka ko casa, dubawa sau ɗaya da safe ba ta isa ba. Duk sanda aka tsaya shan ruwa, a leƙa. Matatar iskar da inji ke shaƙa ma haka take: idan ta cika da ƙura, man ba ya ƙonewa sosai, baƙin hayaƙi ya ƙaru, zafi ya hau.

Sai ruwan da ake zubawa. A gona, abin da ke kusa shi ake ɗiba: rijiya, burtsatse, kududdufi, wani lokaci kogi da yashinsa. Ruwan ƙasa yakan zo da gishirin da ba a gani, wanda ke daskarewa a cikin bututun lagireto da jikin inji, irin farin ɓawon da ake gani a gindin butar shayi. Ɓawon nan yana raba ƙarfe da ruwa, zafi ya kasa fita, ga tsatsa tana cin famfon ruwa a hankali. Ruwan sanyaya inji mai launi da ake sayarwa a galan, mutane da yawa sun ɗauka na ƙasashen ƙanƙara ne. Ba haka ba ne. Yana ɗauke da sinadaran hana tsatsa, kuma idan aka haɗa shi rabi da rabi da ruwa mai tsabta, ba ya tafasa sai ya kai wajen digiri 107. Wanda bai samu ba, ruwan sama da aka tara a mazubi mai tsabta ya fi na burtsatse nesa ba kusa ba.

Murfin lagireto shi ne abin da aka fi rainawa. Ba marfi ne kawai ba, yana riƙe matsin iska a ciki, matsin kuma shi ke hana ruwa tafasa a digiri 100, ya kai shi wajen 110 zuwa 120 gwargwadon irin murfin. Idan robarsa ta mutu, ko aka maye gurbinsa da leda da tsumma kamar yadda ake gani a wasu gonaki, ruwan zai riƙa tafasa yana ficewa alhali injin bai yi zafin da ya wuce ƙa'ida ba. Kuɗin sabon murfi bai kai na man aikin rabin yini ba.

Akwai kuma al'adar cire tamostat, wadda ta zama kamar doka a garejin makanikai da yawa, bisa hujjar cewa ƙasarmu ba ta sanyi ba ce. A ganina wannan gyara ne na rufa-rufa. Tamostat ƙofa ce da ke buɗewa idan ruwa ya kai wajen digiri 82. Idan ta lalace ta ƙi buɗewa, lallai inji zai tafasa, amma maganin shi ne a sa sabuwa. A injuna da yawa ita ce kuma ke rufe gajeriyar hanyar da ruwa ke zagayawa cikin inji ba tare da ya bi lagireto ba. An cire ta, wani ɓangare na ruwan zai ci gaba da bin wannan hanya da zafinsa. Da safiyar hunturu kuwa injin zai daɗe bai ɗumama ba, abin da ke rage masa kwana. Gwada ta abu ne mai sauƙi: a jefa ta cikin tukunyar ruwa a kan wuta, idan ta buɗe kafin ruwan ya tafasa, lafiyarta ƙalau.

Fanbel kuwa a danna shi da babban yatsa a tsakiya. Idan ya nutse fiye da santimita ɗaya da rabi, ya saki, kuma fanka da famfon ruwa duka suna juyawa ƙasa da yadda ya kamata.

Hannun direba shi ne sauran labarin. Injin yanka an ƙera shi ne ya juya sau 540 a minti, kuma akwai alamar wannan a agogon yawancin taraktoci. Direban da ake biya bisa yawan kadadar da ya gama yana da dalilin sa babbar giya ya kutsa cikin kara mai kauri. Sai inji ya riƙa nishi, juyinsa ya ragu, fanka ta rage gudu a daidai lokacin da zafi ya fi yawa. Ƙaramar giya, yanka rabin faɗi inda ciyawa ta yi duhu, da wasa wuƙaƙe, sun fi saurin da zai ƙare a gareji. Haka nan tsarin lokaci: a fara bayan sallar Asuba, a tsaya kafin Azahar, a koma bayan La'asar. Mai tarakta da ke zaune a Abuja yana matsa wa direba lamba kan kuɗin shiga na kullum, ya sani cewa shi ma yana da hannu a abin da zai biyo baya.

Idan allurar zafi ta doshi ja, a cire kaya daga kan inji, a tsaya a inuwa in akwai, a bar shi yana juyawa a hankali na 'yan mintoci domin ruwa ya ci gaba da zagayawa. Amma idan bel ya tsinke ko tiyo ya fashe ruwa yana zuba, a kashe nan take. Kada a buɗe murfi da zafi, tururinsa yana saɓule fata. Kada kuma a kwarara ruwan sanyi cikin injin da ya ƙone da zafi, domin ƙarfen kan inji yana iya tsagewa. Daga nan ne ake shiga maganar ƙonewar gasket, da ruwa ya haɗu da baƙin mai ya koma kalar madara, da jiran kayan gyara daga Kano ko Bauchi yayin da maƙwabta ke shuka. Taraktar da agogon zafinta ya mutu, bai kamata ta fita gona a watan Afrilu ba.

Jihar Bauchi ba baƙuwar tarakta ba ce. Tun ƙarshen shekarun 1970 kamfanin Steyr na ƙasar Ostiriya ya kafa masana'antar haɗa taraktoci da manyan motoci a garin Bauchi. Gwamnatin Tarayya tana da Cibiyar NCAM kusa da Ilorin mai gwada injunan noma. A watan Yunin 2025 Shugaba Bola Tinubu ya ƙaddamar da taraktoci 2,000 da aka shigo da su daga Belarus, ƙasar da bazararta ba ta kusanci ta Azare ba. Wannan ba aibi ba ne ga injunan, amma yana nufin duk wani datti a lagireto zai fi saurin nuna kansa a nan. A ganina, jami'in da ke rubuta takardar sayen tarakta ko rabon ta ya kamata ya tanadi layi uku da ba a cika damuwa da su ba: horar da direba na 'yan kwanaki, kayan gyara na farko irin su bel da murfi da tamostat da matata, da sunan makanike a Azare ko Jama'are wanda ya san irin injin. Hadimin da zai je bikin miƙa makullai kuma ya tambaya ko littafin kula da injin yana cikin akwatin taraktar, da wane harshe aka rubuta shi, da kuma wa zai karanta wa direban.