Ciwon hanta: ga rana a wadace, ga ƙarancin bitamin D

A ƙasa irin Nijar, inda rana ke dukan mutum tun hantsi har la'asar, da wuya a yarda akwai mai ƙarancin bitamin D, tun da fatar jiki ce ke haɗa shi in hasken rana ya taɓa ta. Amma abin da fata ta haɗa ɗanye ne. Sai ya biya ta hanta ta sarrafa shi, kana ƙoda ta ƙarasa aikin. In hanta ta ƙandare, cutar da likitoci ke kira siroz, wadda a nan ƙwayar hepatit B ce kan gaba wajen haddasa ta, aikin sai ya yi rauni. Ga shi majinyacin ya daina fita, cimarsa ta ragu, hanjinsa ba ya tsotsar maiƙo sosai, alhali da maiƙo bitamin ɗin ke shiga jiki.

Abin da ya fi tada hankalin likitoci yana cikin hanji. Bangon hanji shinge ne tsakanin jini da ƙwayoyin cutar da ke zaune ciki. In siroz ta yi nisa, shingen yakan yi ɓaraka, ƙwayoyin su tsallaka cikin jini ko cikin ruwan da ya kumbura cikin majinyaci, su ruruta kumburi da zazzaɓi mai iya kisa. Gwaje-gwajen ɗakin bincike sun nuna bitamin D na taimakon shingen ya riƙe, yana kuma sa jiki ya fitar da sinadarin kashe ƙwayoyin cuta.

A 2019, ƙungiyar likitocin hanta ta Turai ta ba da shawarar a auna jinin mai siroz, a ƙara masa bitamin ɗin in bai kai nanogaram 20 cikin mililita ba. Sai dai ƙungiyar Cochrane, da ta tace binciken da aka yi, a 2017 da 2021, ba ta sami tabbatacciyar hujjar cewa yana hana mutuwa ba. Giɓi kawai yake cikewa.

Saboda haka sayen sa hannun ƴan tallar magani a tasha kasada ce: in ya yi yawa yakan tara kalsiyom cikin jini, ya haifar da tsakuwar ƙoda. Ƙwayar hepatit B kuwa, tenofobir ke danne ta, allurar rigakafinta kuma ta shiga jerin allurorin jariran Nijar a 2008.