Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Shirin Sallah Tun Ba a Ga Wata Ba

Ranar Sallah ba ɓoyayya ba ce. Ƙaramar Sallah ɗaya ga Shawwal ce, Babbar Sallah goma ga Zulhijja, tsakaninsu kwana saba'in ne ko ƙasa da haka kaɗan. Shekarar Hijira kwana 354 ko 355 ce, shi ya sa duk shekara Sallah ke matsowa da kwana goma zuwa sha biyu a kalandar Bature: an yi Babbar Sallah a Najeriya ranar 28 ga Yuni a 2023, ranar 16 ga Yuni a 2024, sai 6 ga Yuni a 2025. Abin da ake jira daga fadar Sarkin Musulmi daren duban wata bai wuce bambancin kwana guda ba. Amma in ka shiga Kantin Kwari a goman ƙarshe na azumi, ka ga yadda ake turereniya a kan shadda da atamfa, sai ka rantse daren jiya aka gaya wa mutane cewa bana ma akwai Sallah.

Tsadar da muke kuka da ita a wannan lokaci iri biyu ce, kuma ya kamata a raba su. Akwai wadda ba mu da iko a kanta. An cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, wata guda kafin layyar shekarar, kuɗin dakon kaya da na dabbobi ya tashi. A tsakiyar 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta nuna hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100. Wannan ba laifin magidanci ba ne. Akwai kuma wadda mu muke ƙirƙirarta da ƙafafunmu, ta hanyar zuwa kasuwa ɗaya, a mako ɗaya, neman kaya iri ɗaya. Ɗan kasuwa da ya ga mutum goma a kan turmi guda ba ya bukatar wani dalili kafin ya ƙara kuɗi. Ita wannan ta biyun tana da magani.

A fara da tela, don shi ne ya fi shan zagi. Ka leƙa shagonsa ana saura kwana uku. Ledojin kaya sun cika ƙarƙashin teburin yanka har bakin ƙofa, kowace da ɗan ƙyalle an rubuta sunan mai ita da biro. Yaran shago sun kwana biyu a kan keke, idanu sun yi jawur, ɗaya na guga, ɗaya na sa maɓalli. An ɗauke wuta, janareto na ta ƙara, mai aikin wuya da aka kai wa riguna a wata unguwa ya kashe wayarsa. A kan benci ga mutum huɗu sun zauna, kowa ya ce ba inda za shi sai da kayansa. Duk wanda ya tambaya amsa ɗaya ce: "Alhaji, in sha Allahu bayan isha'i." Telan yana da laifi, domin ya karɓi abin da ya san hannunsa ba zai iya ba, saboda a wannan watan yake tara abin da zai riƙe shi wata uku. Amma wanda ya kawo yadi ranar ashirin ga azumi yana neman babbar riga da aiki, shi ma ya sa hannu a abin da ya same shi. Yadin da aka kai shago a Rajab ko farkon Sha'aban ana ɗinka shi cikin natsuwa, a gwada, in wuya ya matse a gyara. Na yara kaɗai ke bukatar dabara, a ce wa tela ya bar ɗan sarari, don yaro na iya ƙara tsawo cikin wata biyu.

Maganar rago ta fi wannan zurfi. Mutanen karkara da matan gida sun daɗe da sanin cewa ragon layya tun bayan kaka ake sayensa, lokacin da harawa da dusa ke da araha, a ɗaure a turke a yi ta kiwo. Mai yin haka ya rarraba kuɗin ragonsa a kan watanni, maimakon ya zube su rana ɗaya. Wanda ke haya a birni, ba shi da wurin ɗaure dabba, yakan ba ɗan'uwa a ƙauye kiwo, su yi yarjejeniya a kan kuɗin abinci. Sai dai kiwo ba kyauta ba ne. Yanzu da Babbar Sallah ke faɗowa a ƙarshen bazara da farkon damina, watannin ƙarshe na kiwon su ne lokacin da abincin dabba ya fi tsada, ga cuta, ga ɓarayi. Wanda zai shiga ya sayi harawarsa tun da kaka ya ajiye, in ba haka ba ribar da yake hange za ta ƙare a cikin ragon.

Mai sayen ƙarshe kuwa caca yake yi. Wasu shekarun dabbobi kan yi kwantai, farashi ya faɗi ranar jajibere, dillalai su riƙa bin mutane da roƙo. Wasu shekarun kuma akasin haka ake gani. A watan Mayun 2025 gwamnatin Nijar ta hana fitar da dabbobi daga ƙasar gabanin layya, alhali kasuwannin kan iyaka irin su Maigatari, Mai'aduwa da Illela sun dogara ƙwarai da dabbobin da ke shigowa daga can. Wanda ya saba cewa "bari sai an kusa" ba shi da hannu a irin wannan hukunci, amma a aljihunsa yake sauka. Kasuwar Maigatari ranar Alhamis take ci, ta Wudil ranar Juma'a. Wanda ya je makonni kafin cunkoso yana da lokacin buɗe bakin rago ya duba haƙora, ya sa a tafiyar da shi ya ga ko yana ɗingishi, ya yi ciniki ba tare da wani na tsaye a bayansa yana jiran ya saki igiya ba. Wannan dubawar ba ƙwalisa ba ce, don mai ido ɗaya, da gurgu, da mara lafiya, da ramamme, duk ba sa isar wa layya.

To, da wane kuɗi? Nan ne mai karatu zai ce, wanda abincin yau ma sai ya fita ya nemo, ina ya ga abin tanadi? Gaskiya ne, kuma mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a Yulin 2024 bai kai kuɗin matsakaicin rago ba a manyan birane. Amma dai talaka ne ya ƙirƙiro adashi da asusu, ba attajiri ba. Mata da yawa kan roƙi uwar adashi tun farkon zubi a sa kwasarsu ta faɗo a Sha'aban, wasu mazan kuma kan yi zubin watanda duk mako don a sayi sa a raba nama. Abin da zamani ya canza shi ne, kuɗin da aka ajiye yana zagwanyewa. A lokacin hauhawar farashi, gara kwasar ta zama buhun shinkafa, ko galan ɗin mai, ko yadin yara, da a bar ta a takarda. Abin da ba ya lalacewa a saye shi da wuri, a bar tumatir da attaruhu da kaji su zama su ne kaɗai cefanen makon ƙarshe. Ma'aikaci kuma ya yi hattara da albashin da ake biya da wuri "saboda Sallah". Daɗinsa na kwana uku ne, watan da ke biye kuwa sai ya yi kamar ba zai ƙare ba.

A ganina, rabin shirin Sallah ba tara kuɗi ba ne, yanke shawarar abin da ba za a yi ba ne. Addini ya sauƙaƙa, mu muka tsananta. A mazhabar Malikiyya da yawancinmu ke bi, layya sunna ce mai ƙarfi a kan wanda yake da hali, kuma malamai sun bayyana cewa ba a neman ta daga wanda zai bukaci kuɗin don larurar gidansa. Dabba ɗaya ta isar wa magidanci da iyalan da yake ciyarwa in ya sa su a cikin ladan. Ba a ce sai Balami ko Uda mai ƙaho ba. Ɗan Yankasa lafiyayye da ya cika shekara ya wadatar, haka akuya da ta kai. Kwanakin yanka uku ne, wanda bai samu ranar farko ba yana da sauran biyu. A Fabrairun 2025 Sarkin Maroko Muhammad na Shida ya nemi jama'arsa su bar yanka a shekarar saboda fari ya rage dabbobi, kuma Maroko ƙasar Malikiyya ce. Tufafin idi ma, abin da aka so shi ne mutum ya sa mafi kyawun abin da yake da shi. Kala uku ga kowane yaro, da anko, da kayan Sallar budurwa da ake zagaya dangi ana nunawa, duk "kada a ce" ne ya ɗora mana. Hausawa sun riga sun yanke hukunci: Sallah ta wuce ta bar wawa da bashi.

Wannan shawara ba ta mutum ɗaya ba ce. Maigida ya zauna da uwargida tun da sauran wata biyu, ya faɗi abin da ke hannunsa, ita ma ta faɗi abin da ke gabanta. Yawancin rigimar jajibere daga ɓoye-ɓoye take tasowa: shi ya yi shiru yana fatan wani kuɗi zai shigo, ita ta ɗauka shirun alkawari ne. Kuma ita ce ke ɗauke da aikin da ba a lissafawa. Cincin da dubulan, kitso da lallen 'yan mata, tuwon Sallah da za a rarraba wa maƙwabta, ga suyar nama da kan cinye kwana biyu a gaban wuta, sau da yawa takan ga Sallah ne ta cikin hayaƙi. Cincin yana iya yin mako a rufe bai yi komai ba. Gawayi ko iskar gas, a tanada kafin layi ya yi tsawo. Samarin gida da ke zaune suna jiran soye, a ba su wanke kayan ciki da yankan nama.

Zakkar fidda kai, mudun Annabi huɗu a kan kowane mutum, an yarda a fitar da ita kwana ɗaya ko biyu kafin idi. Wanda ya auna hatsinta ya ware tun farkon azumi ba zai tsinci kansa yana neman mai awo da asubar Sallah ba, kuma mabukaci zai samu a lokacin da za ta amfane shi. Matafiyi shi ma ya san kuɗin mota kan tashi a tasha ana saura kwana biyu, direbobi na gudu don su ƙara sawu. In aiki ya bari, a riga cunkoso, a kuma yi tafiyar rana.

Sai abin da ke jira bayan an sauko daga idi. A 'yan shekarun baya, Ƙaramar Sallah ta riƙa faɗowa dab da komawa makaranta zango na uku, Babbar kuma daidai lokacin da manomi ke neman kuɗin taki da iri. Kafin a taya rago, a fara ware kuɗin makaranta da na gona da na haya. Abin da ya rage shi ne kuɗin Sallah, kuma a kansa za a yanka wa kowa rigarsa.