Yadda Fadamar Haɗeja Za Ta Haifi Tsuntsun Almara a Wasan Tebur

A shekarar 1974 wasu Amurkawa biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fitar da wasan Dungeons & Dragons. Ba a buƙatar kwamfuta ko intanet wajen yin sa. Mutum huɗu ko biyar kan kewaye tebur, kowa ya ɗauki matsayin wani jarumi, ɗaya kuma ya zama jagora mai warware zaren labari. Idan jarumi ya yi niyyar yin wani abu mai wuya, sai a jefa ɗan ludo mai fuska 20, lambar da ta fito ta yanke ko ya dace ko ya faɗi. Wato tatsuniya ce da masu sauraro ke da hannu a cikinta.

Kamfanin wasan yana da kundin dodanni tun 1977, amma ƴan wasa sun saba ƙirƙirar nasu a gida. Sharaɗin shi ne mai ƙirƙira ya amsa tambayoyi huɗu: ina halittar take zama, me take ci, mene ne ƙarfinta, ina kuma lagonta? Dodon da ba shi da lago ba ya daɗin wasa, domin babu dabarar da za ta kayar da shi.

Bahaushen da ke son gwada wannan ba sai ya yi aro daga Turai ba. Fadamar Haɗeja zuwa Nguru, inda kogin Haɗeja da na Jama'are ke malala, masauki ce ga tsuntsayen da ke ƙetare Sahara daga Turai lokacin hunturu. Dausayin Baturiya da ke ƙaramar hukumar Kirikasamma ya shiga jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2008. Akwai shamuwa, wadda zuwanta ke shaida wa manomi cewa damina ta kusa. Akwai gauraka mai tukku kamar kambin sarauta, wadda ganinta ya yi wuya ƙwarai a Najeriya yanzu. Akwai kuma jan baki, da ke sauka dubbai ya cinye shinkafa da gero.

Mu ɗauki misali, mu ƙera tsuntsuwa mu kira ta Uwar Ambaliya. Siffarta ta gauraka ce, tsayinta ya kai na giginya. Mazauninta tsakiyar dausayi, abincinta tarwaɗa. Ƙarfinta a fukafukai yake: idan ta kaɗa su sau uku, ruwa ya cika fadama, kifi ya yawaita, ciyawar dabbobi ta tsiro. Idan aka fusata ta kuwa, ruwan ya ci gari. Lagonta shi ne kachala: duk mashigin ruwan da ciyawar ta toshe yana rage mata ƙarfi, yana kuma ƙara wa rundunar jan baki mafaka.

Wannan lagon ba daga iska aka ɗauko shi ba. Madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 sun sauya yadda ruwa ke isowa yankin, kachala ta mamaye hanyoyin ruwa, jan baki kuma na samun maɓoya a cikinta. Jaruman wasan ma ba sai sun riƙe takobi ba: masunci, manomi da makiyayi sun isa. Kowannensu na son ruwan a lokaci dabam, ga tsuntsuwa tana rauni. Su kashe ta, ko su haɗa kai su sare kachala? Sa'a ta ɗan ludo ce, amma shawara tasu ce.

Abin da ke cikin haɗari ya wuce nishaɗi. Yaron da ya tashi a birni zai iya lissafa dodannin fina-finan ƙetare, amma da wuya ya bambance gauraka da balbela. Dandalin tatsuniya ya yi rauni, wanda bai san sunan tsuntsu ba kuwa ba zai lura da ɓacewarsa ba. Takarda, alƙalami, ɗan ludo da awa guda bayan sallar isha'i sun ishi uba ya zauna da ƴaƴansa, su tambayi kaka abin da ta sani game da shamuwa, su rubuta shi cikin dokokin wasan.