Yadda tsofaffin kayan gini ke samar wa masu ƙaramin ƙarfi gidaje a Amurka da Kanada

A Amurka da Kanada, wanda ya yi wa gidansa kwaskwarima yana iya miƙa tsofaffin ƙofofi, tagogi, tayil da katako kyauta ga shagunan ReStore maimakon ya zubar da su. Shagunan mallakar ƙungiyar agaji ce ta Habitat for Humanity, wadda Millard Fuller da matarsa Linda suka kafa a jihar Jojiya a 1976 domin samar wa masu ƙaramin ƙarfi muhalli.

An buɗe shagon farko a birnin Winnipeg na Kanada a 1991, na Amurka kuma a Austin da ke jihar Texas a 1992. Akasari sayar da kayan ake yi ga jama'a cikin rahusa, kuɗin kuma ya shiga asusun reshen ƙungiyar na yankin domin aikin gina gidaje. Gidajen ma ba kyauta ake raba su ba. Iyalin da aka zaɓa kan shafe ɗaruruwan sa'o'i suna aikin gini tare da 'yan sa-kai, sannan su riƙa biyan kuɗin gidan sannu a hankali gwargwadon ƙarfinsu.

Tsarin yana kuma rage shara. Hukumar Kare Muhalli ta Amurka ta ƙiyasta cewa a 2018 an tara tan miliyan 600 na ɓaraguzan gine-gine a ƙasar, fiye da kashi 90 cikin ɗari daga rusau.

Yadda aka sauke gini shi ke nuna ko kayansa za su moru. Idan katafila ta bi ta kai, komai ya zama tarkace. Idan kuwa aka warware shi da hannu, katako da tubali da ƙofofi na fitowa lafiya, sai dai aikin ya fi cin lokaci da kuɗin ƙwadago. Birnin Portland na jihar Oregon ya kafa doka a 2016 da ta wajabta warware gidajen da aka gina a 1916 ko kafin nan, a 2020 kuma ya faɗaɗa ta zuwa gidajen 1940.

Ba kowane kaya ake karɓa ba. Shagunan kan ƙi abin da ya fashe ko ya ruɓe, da mai ɗauke da asbestos, da mai fentin dalma, wanda Amurka ta haramta amfani da shi a gidaje tun 1978. Kayan da ba za su sayu ba nauyi ne a kan ƙungiyar, domin ita za ta biya kuɗin kwashe su.

Mai bayarwa a Amurka yana iya samun rangwamen haraji, amma idan darajar kayan ta haura dala 5,000 sai ƙwararre ya tantance ta.

Cinikin tsofaffin kayan gini sananne ne a Najeriya, musamman a kasuwanni irin su Panteka ta Kaduna. Bambancin shi ne a tsarin ReStore kayan sadaka ne, ribar kuma tana komawa ne ga gina wa mabuƙata gidaje.