Hajiya Gambo Sawaba, Wadda Ta Sha Ɗauri Don Mata Su Jefa Ƙuri'a

Duk ranar zaɓe, in kin zaga Haɗejiya ko Auyo ko Kafin Hausa, za ki tarar layin mata ya miƙe, wata da goyo, wata da sanda. 'Yan makaranta na tsammanin haka abin yake tun fil azal. To ba haka ba ne. A zaɓen 1959 matan Kudu sun jefa ƙuri'a, amma mu matan Arewa aka ce mu zauna a gida. Yau ga labarin wadda ta ƙi zama.

Sunanta na yanka Hajaratu. An haife ta a 1933, ana ce mata Gambo domin ita ta bi tagwaye. Mahaifinta mutumin Ghana ne, mahaifiyarta kuwa Banufiya, a Zariya ta tashi. Iyayen nan biyu sun rasu tana ƙarama, karatunta bai wuce firamare ba, aka yi mata aure tana da shekara 13.

A 1950 aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, wadda Malam Aminu Kano ya shugabanta. A zamanin nan shiga NEPU ba wasa ba ne, don ko namiji yana iya kwana a gidan yari saboda ita. Gambo ta shiga tun ba ta kai shekara 20 ba, ba da jimawa ba ta zama shugabar mata. Sawaba kirarin jam'iyyar ne, ya bi ta har ya zama sunanta. Ta yi tattaki har Abekuta wurin Funmilayo Ransome-Kuti, ta ga yadda matan can suka haɗa kai.

Da ta komo sai ta shiga bin gidaje a Kano, tana zama da matan kulle, tana yi musu bayanin ilmin 'ya'ya mata, da illar aurar da yarinya ba ta isa ba, da haƙƙinsu na zaɓen wanda zai mulke su. Hukumar En'e ta kama ta, aka kai ta gaban alƙali, aka ɗaure ta, daga baya aka kore ta daga Kano. Bisa ga lissafin da aka fi sani, sau 16 tana shiga kurkuku. An doke ta, an aske mata kai don a wulaƙanta ta, amma ko sau ɗaya ba ta ce ta tuba ba.

Ba a nan kaɗai mata suka sayi ƙuri'a da wahala ba. A Faransa, sa'ad da sojan Jamus suka mamaye ƙasar a 1940, mata da yawa sun shiga ƙungiyoyin ɓoye, suna kai saƙo, suna ɓoye waɗanda ake nema. Duk da haka sai a 1944 aka yarda su yi zaɓe. Mu kuwa sai a 1976, zamanin mulkin soja na Janar Obasanjo. A Jamhuriya ta Biyu Hajiya Gambo ta zama mataimakiyar shugaban jam'iyyar GNPP ta Alhaji Waziri Ibrahim. Ta rasu a watan Oktoba na 2001, kuma babban asibitin Ƙofar Gayan a Zariya sunanta yake ɗauke da shi.

To, uwargida, abin da aka samo da duka da ɗauri, ya dace a sayar da shi a kan sabulu da turmin atamfa? Sabulu ya ƙare cikin mako, wanda kika zaɓa kuwa yana nan shekara huɗu. In mai neman ƙuri'a ya yi sallama a ƙofar gida, ki aika a tambaye shi me zai yi game da ambaliyar da ke cinye mana shinkafa, da ciyawar kacalla da ta toshe kogi, da asibitin haihuwa.

Ke kuma 'yar makaranta, Hajiya Gambo ta yi wannan duka da ɗan karatun firamare. Mai Shari'a Aloma Mukhtar, mace ta farko daga Arewa da ta zama lauya, ta riƙe kujerar Babban Jojin Nijeriya daga 2012 zuwa 2014. Ki riƙe littafinki da kyau.

Allah ya jiƙan Hajiya Gambo. Sai mun sake saduwa a wannan fili.