Gargaɗi ga magidantan Auyo: kada a ci bashi a kan shinkafar da ba ta shigo gida ba

Jama'ar Auyo, Gamsarka, Ayama da sauran garuruwan bakin kogi, a saurara.

Masu ba da bashi sun fara zagaye. Wani taki zai ba ka, wani man injin ban-ruwa, wani tsabar kuɗi, a kan ka biya da buhunan shanshera idan kaka ta yi, kuma shi ke yanka farashin tun yau. Ga shi tun da aka janye tallafin mai a watan Mayun 2023, abin da noman kadada ɗaya ke ci ya wuce aljihun talaka. Sai dai Kogin Haɗejiya bai sa hannu a wannan yarjejeniya ba. Kowa ya ga 2020 da 2022: ruwa ya gangaro ta wajen madatsun Tiga da Challawa, ciyawar kachala ta toshe masa hanya, ya bi gonaki ya kwanta. Shinkafa ta tafi, bashi ya zauna.

Wanda wannan masifa ta fi kayarwa shi ne mai noman gonar haya a fadama. Kuɗin haya na kansa, na taki na kansa, ba shi da tunkiya ko ɗaya da zai kai kasuwa. Bayansa sai gidan da ke cin bashi don tuwon dare a watan Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, domin abin da aka ci ba ya haifar da abin biya. Akwai kuma matan da aka mutu aka bari da marayu da bashin mai gida, ga zubin adashi na jira. Mafi haɗari duka, mai cin sabon bashi ya toshe tsoho. Daga nan sai jinginar gona, kuma gonar da ta shiga jingina da wuya ta dawo.

Don haka, kada a jinginar da gonar gado saboda biki ko suna. Kada a karɓi bashin waya daga manhajar da ke neman lambobin mutanenka, tozarci ne ke biyo baya. Duk bashin da ya zama dole, a rubuta shi gaban shaidu kamar yadda aya ta 282 a Suratul Baƙara ta umarta, a kuma faɗi ƙarara abin da za a yi idan ambaliya ta cinye gonar. Wanda biya ya gagare shi, ya je wurin mai unguwa ko liman tun kafin mai bin bashi ya iso ƙofar gida.